Mai Tulu Ba Ta Cin Taki

Zuwa ga Baba,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Yaya gwiwa? Ina fata kana shafa maganin safe da yamma, ba sai ta matsa maka ba. Na iso lafiya, an ba ni ɗaki a bayan asibiti, mu biyu ne da wata ɗalibar jinya. Na san waya ba ta amfana maka komai tun da kunne ya yi nauyi, shi ya sa na bar maka takardu da ambulan a ƙarƙashin rediyo.

Baba, maganar shukar nan mai tulu ce ta sa na yi saurin rubutowa. Ranar da zan taho na yi maka bayani a tsaitsaye, na kuma lura kana gyaɗa kai ne kawai. Ka san shekara bakwai ɗanka ya yi yana renonta, tun tana ɗan tsiro a kwalba a wurin aikinsu. Littattafansa na ba makarantarsu, kayansa an raba. Ita kaɗai ce abu mai rai da ya fito daga hannun marigayi mijina. Ɗakin nan tagarsa bango take kallo, ba haske, shi ya sa ban taho da ita ba.

Ka bar ta inda take a baranda, inda hasken safe yake samunta amma ranar tsaka ba ta dukanta. Ruwan sama kaɗai take sha. Na cika maka shuɗiyar gangar nan, za ta kai ka damina in ba a wanke hannu da ita ba. Ruwan rijiyarmu yana da zartsi, na famfo kuma da magani, duk suna ƙona mata saiwa. Abin da take ciki ba ƙasa ba ce, ɓawon kwakwa ne da busasshiyar gansakuka, ya kasance da danshi kullum amma kada ruwa ya kwanta. Sauransa yana cikin farin buhu a bayan ƙofa.

Babban abin shi ne taki. Don Allah Baba, ko na kaji, ko na shanu, ko na kanti, kada ko ɗaya ya kusance ta. Na san maganar nan za ta yi wa mai lambu irinka nauyi, amma haka marigayi ya koya mini.

Taka,
'yarka.

*

'Yata,

Bayan gaisuwa, takardarki ta same ni lafiya. Gwiwa tana nan tana mulkinta, maganin ma ina shafawa in na tuna. Ki riƙa cin abinci, na san halinki in karatu ya kama ki.

Na karanta dokokinki har sau biyu, na ce ikon Allah. Shekara arba'in da ɗaya ina lambu, na shuka tumatir, na shuka latas, na yi dashen lemo da mangwaro da hannun nan, ban taɓa jin shukar da ake roƙo kada a ba ta taki ba. Dama tun yaron nan yana raye nake tsokanarsa. Nakan ce, likitan ganye, an kai ka makaranta ka koyo noma, ka dawo mana da ciyawa mai cin nama. Sai ya yi dariyar nan tasa ya ce, Baba, wata rana za ku saba.

To ga shi mun fara sabawa. Da safe in na dawo daga ban ruwa sai in ja kujera in zauna gabanta. Yanzu ne ma na dube ta da kyau. Ashe kowane ganye ƙarshensa zare ne, zaren ya sauko ya lanƙwashe, sai ya kumbura ya zama tulu har da murfinsa. Na ƙirga guda tara. Shekaranjiya na ga abin da idona. Wata tururuwa ta hau bakin tulu tana lasar wani abu, tana zagayawa kamar ta samu gidan ubanta, sai kawai ƙafa ta zame. Na leƙa na gan ta tana iyo a ruwan ciki, tana kama bango tana sulluɓewa. Wallahi har na ɗauko tsinke zan cece ta, sai na tuna abincin wani ne. Tela maƙwabcina ya zo ya gani, ya ce shi dai ba zai ƙara miƙa yatsa a gidan nan ba.

Abu ɗaya ya dame ni. Tuluna biyu na ƙasa sun fara bushewa daga murfi, sun yi ruwan ƙasa. A lambu in ganye ya yi haka yunwa ce. Ban yi komai ba, ina bin doka, amma ki faɗa mini.

Gidan ya yi shiru da yawa tun da kika tafi. Ba ƙorafi nake ba, karatunki shi ne daidai.

Babanki.

*

Zuwa ga Baba,

Ina gaishe ka da kyau, ina kuma gaida tela. Wannan "in na tuna" ɗin ban yarda da shi ba, ka ajiye maganin kusa da tabarau yadda ba za ka manta ba. Ni lafiyata ƙalau, sai tsayuwar ɗakin marasa lafiya da ke kumbura mini ƙafa.

Na yi dariya har abokiyar ɗakina ta tambaye ni lafiya. Ka kwantar da hankalinka, bushewar tulunan ƙasa ba ciwo ba ne. Kowane tulu yana da kwanakinsa, ya yi 'yan watanni ya tsufa, sai ka yanke shi da almakashi daga zaren, ka bar ganyen.

Ga yadda marigayi ya bayyana mini. Asalinta daga wuraren da ruwan sama ya wanke ƙasa ne har ba sauran abinci a cikinta. Saiwarta siririya ce kamar gashi, aikinta shan ruwa da riƙe jiki. Abin da sauran shuke-shuke suke samu a ƙasa, ita a jikin ƙwari take samu. Zaƙin bakin tulun ne yake jawo su, santsin ya kayar da su, ruwan ciki ya narkar da su a hankali. Murfin ba ya rufuwa, laima ce kawai don kada ruwan sama ya cika tulun. Kada ka jefa mata nama ko ƙwai don tausayi, ruɓewa zai yi. Ƙwarin baranda sun ishe ta.

Akwai abin da ban taɓa faɗa maka ba. Irinsu akwai mace akwai namiji, kowace a jikinta daban, tamu kuma ita kaɗai ce. Ko ta yi fure ba za ta ba da iri ba. Ranar da ya gaya mini haka maganar ta taɓa mu duka biyu, don shekararmu shida ke nan da aure ba haihuwa. Daga baya ya ce, ai ana iya yankan reshe a dasa, ba a rasa hanya.

Sati mai zuwa za a tura mu ƙaramin asibiti a karkara, sati goma, ban san yadda saƙo yake zuwa can ba. Ka bar ta kawai Baba, kada ka wahalar da kanka a kanta.

'Yarka.

*

'Yata,

Ina fata kin isa karkarar lafiya kuma ruwan can ya karɓe ki. Ni da sauƙi, sai zafin da aka shiga, ko kare ba ya fita da rana.

Ba zan ja zance ba, mai tulu ba ta jin daɗi. Na yanke busassun kamar yadda kika ce, sai wasu suka bi bayansu. Daga tara yanzu saura uku. Sababbin ganye suna fitowa, amma ɗan kumburin da ke ƙarshen zaren sai ya yi baƙi ya ƙanƙance tun bai zama tulu ba. Ganyen ma ya yi fari-fari, ya rame. Ruwa ban fasa ba, daga shuɗiyar ganga, kofi guda safe da yamma.

Na zauna na yi tunani irin na manomi. Kin ce da tulu take ci. To in tulun ya ƙare, da me za ta ci? Kin hana ta ƙasa, kin hana ta taki, bakin nata kuma yana rufewa ɗaya bayan ɗaya. Na kama ƙudaje da hannuna na jefa a ukun da suka rage, tela yana mini dariya wai na tsufa na zama mafarauci.

'Yata, zan faɗa miki abin da ke raina. In na zauna gabanta, yaron nan nake gani a watansa na ƙarshe. Kin tuna yadda kike kawo kwano, ya kalla, ya kau da kai, ya ce anjima. Ina zaune a bakin gado ina kallon wuyan hannunsa yana sirancewa, ni da na ciyar da unguwa guda da kayan lambu na kasa sa wa ɗana loma ɗaya a baki. Ba zan iya sake zama irin wannan zaman ba.

Ki ba ni izini in jiƙa ɗan taki kaɗan, tsohon da ya huce, wanda ko jaririn latas ba ya ƙonawa. Ina jiran amsarki.

Babanki.

*

'Yata,

Gaisuwa. Ina fata lafiya ce ta sa shiru. Yau sati biyar ke nan, kullum sai na aika tela ya duba akwatin gidan waya, har ya fara ɓuya in ya hango ni.

Na sake ɗauko takardarki ta ƙarshe na karanta. Kin ce in bar ta kawai, kada in wahalar da kaina. Da farko na ɗauka tausayin gwiwata ne. Yanzu da shirun ya yi tsawo sai na ce ko kina faɗa mini ne a hankali cewa kin sauke kayan nan daga kanki. In haka ne ba laifi. Yarinya ce ke, shekara ta zagayo, duniya tana gabanki, ba wanda zai ce ki zauna gadin tukunyar fure. Ni ne ba ni da inda zan sauke nawa.

Saboda haka na yanke hukunci da kaina. Tulu na ƙarshe ya bushe ranar Talata. Ranar Laraba na jiƙa kashin kaji na bara a bokiti, na tace, na sirka shi har ya yi kalar shayi marar ƙarfi, na ba ta rabin kofi. Bayan kwana huɗu na ƙara. Ki zo ki ga ikon Allah! Ganyen ya yi kore shar, sabon da ya fito ya fi tafin hannuna faɗi. Tulu dai babu tukuna, amma mai jinya ai sai ya yi ƙiba kafin ya koma aiki. Na ce da hoton likitan ganye da ke ɗaki, to malam, abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.

Na ƙara mata ɗan kauri a na jiya, tunda ta karɓa.

Babanki.

*

'Yata,

Ina gaishe ki. Ki amsa mini ko layi biyu ne.

Bakin ganyayen ya fara ƙonewa kamar an kara musu wuta. Gindin ya yi baƙi daga ƙasa, baƙin yana hawa. Tana yaushi ko da na ba ta ruwa, tukunyar kuma tana wani wari. Na daina takin tun kwana shida. Ban san abin da zan yi ba, ni da mutane suke zuwa tambaya.

Babanki.

*

Baba,

Ina gaishe ka, ina roƙon Allah ya sa wannan ta same ka da wuri. Jiya da yamma muka dawo, na tarar da takardunka uku a ɗaure da roba a wurin mai gadi. Ba a kai mana saƙo ko ɗaya can ba. A tsaye na karanta su a bakin ƙofa, da jakata a kafaɗa.

Ka yi wannan yau, kada ka jira gobe. Ka fitar da ita daga tukunyar, ka zubar da duk abin da ke ciki. Ka wanke saiwar a hankali da ruwan ganga, ka sa ta a sabon ɓawon kwakwa daga farin buhu. In gindin ya riga ya yi laushi, ka bar shi, ka ceci sama. Ka yanko inda yake kore, gaɓa biyu ko uku, ka rage rabin kowane ganye, ka soka a ɓawon mai danshi, ka kifa farar leda a kai, a inuwa mai haske. Yakan ɗauki wata biyu ko fiye kafin ya nuna alama.

Baba, laifin nawa ne. Duk shekara in zafi ya yi iska ta bushe, haka take yi, ta daina tulu, ta rame, ta jira damina. Ba yunwa ba ce, tana iya wata da watanni ba ta ci ƙwaro ba. Shi yakan rataya jiƙaƙƙen buhu a bayanta, ya ajiye faranti da ruwa a gefe don iskar wurin ta yi danshi. Sau shida na ga ya yi haka da idona. Na rubuta maka dokar ruwa, na rubuta ta taki, na manta da buhun. Da na faɗa maka da ba ka tsorata ba.

Maganar na sauke kaya kuwa, ta sa ni kuka. Ban sauke komai ba. Har yau in na ga abin dariya a ɗakin marasa lafiya sai in ce bari in koma in ba shi labari. Kuma tunda abin ya kai haka, bari in faɗa maka gaskiya. Tagar ɗakina ba bango take kallo ba, gabas take kallo, hasken safe har kan gadona. Da na taho da ita da ta rayu a nan. Na bar ta ne saboda bayan rasuwar na ga ka daina zama a baranda, ka dawo daga lambu ka shige ɗaki ka rufe. Na ce in na tafi da ita, ba abin da zai sa ka ja kujera ka fito. Na yi maka ƙarya, ka yafe mini.

Ka rubuto da zarar ka karanta.

'Yarka.

*

'Yata,

Takardarki ta iso ranar Asabar, sati biyu ke nan, sai yau na iya ɗaukar alƙalami. Lafiyata ƙalau, gwiwa da sauƙi, maganin yana kusa da tabarau.

Mai tulu ta mutu kwana takwas kafin takardar ta zo. Da na ɗaga ta, gindin ya rabu da saiwar a hannuna ba tare da na ja ba. Na wanke saiwar na duba, baƙa ce, siririya kamar yadda kika ce, duk ta narke. Irin wannan saiwar na ɗura wa kashin kaji har sau biyar. Garin neman ƙiba na samo rama. Ke kin faɗa mini, shi ma ya faɗa mini ta bakinki, na ji da kunnen da ya fi na jikina kurumta. Maganar buhu kada ki ƙara ɗora wa kanki. Mantuwa kika yi, ni kuwa da sanina na karya doka, har ina yi wa hotonsa gori. Na kashe abin da ɗana ya rena shekara bakwai a cikin wata ɗaya, kuma da niyyar alheri na yi, wannan ne yake hana ni sakewa.

Na binne ta a lambu ƙarƙashin lemon da muka dasa tare yana ɗan makaranta. Tela ya raka ni, bai yi wasa ko ɗaya ba ranar.

Ƙaryar taga kuwa, na yafe. Ta yi aikinta, wata biyar ina fitowa baranda.

Saura magana ɗaya, ban so in sa miki rai ba, amma ɓoyewa ma ba kyau. Kwana uku kafin ta ƙarasa, da na ga baƙin yana hawa, hannuna ya yi abin da ya saba. Mai lambu ba ya barin itace ya mutu bai yanki reshe ba, kuma na tuna kin rubuta cewa ya ce ba a rasa hanya. Na yanko uku daga sama. Biyu na soka su a ƙasar reno mai kyau, wadda nake ji da ita, kin ga har a lokacin ban gama hankali ba. Cikin sati suka yi baƙi. Na ukun na rasa tukunya, sai na huda gindin tsohon kofinsa na roba, na cika da abin farin buhu, na soka shi a ciki. Da takardarki ta zo na rage ganyen, na kifa leda, na rataya jiƙaƙƙen buhu a baya.

Yau kwanansa ashirin da shida. Bai mutu ba, bai kuma yi komai ba. Buhun takin na kai gidan tela na ce ya kulle, ko na zo da kaina ina roƙo kada ya ba ni. Da safe nakan zauna gaban kofin in sa hannuwana a ƙarƙashin cinya. A shekara arba'in da ɗaya da na yi ina lambu ban taɓa aikin da ya kai wannan wuya ba, in zauna ina kallo ban ba da komai ba.

Jiya na ga kamar wani ɗan abu ya kumbura a gaɓar sama, bai kai ƙwayar shinkafa ba. Na goge tabarau na sake dubawa, na kira tela, ya ce shi bai ga komai ba, amma shi ko ramin allura yanzu laluba yake. Ina tsoron ɗaga ledar, ina kuma tsoron idona ne yake nuna mini abin da nake so.

In an ba ku hutu, ki zo ki duba mini. Idonki ya fi nawa, kuma ke kika san yadda take tun tana ƙarama. Ɗakinku yana nan, na sa an share.

Babanki.